Sarkin da ya yi aure shida, da fim ɗin da ya sa aka tausaya masa

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Kwanan baya na kalli wani tsohon fim na Turawa, baƙi da fari, mai suna The Private Life of Henry VIII, a kan wani sarkin Ingila da ya yi aure har sau shida. Na sha dariya, a ƙarshe ma har tausayinsa na ji, don na ga kamar mutum ne da bai yi dacen mata ba. Da na faɗa wa yayata sai ta ce, mutumin da ya sa aka fille wa matansa biyu kai, shi kake tausayi? Na rasa amsar da zan ba ta. Shin haka tarihin yake? In ɗa namiji yake nema, me ya hana ya yi wa matarsa kishiya kowa ya huta? Ina tambaya ne domin ni ma ina rubuta labarin fim a kan wani mai auri-saki, kuma ba na so in yi abin da zai zalunci mata. Allah ya ƙara basira."

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Amin, Allah ya yi maka albarka kai da yayarka, domin ita ce ta taɓa inda ke ciwo. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko abin da fim ɗin ya nuna haka ya faru, abin da ya hana sarkin ƙara aure tunda magaji yake nema, da kuma yadda za ka yi da naka labarin. Amma a ƙarƙashinsu akwai wata tambaya da ta fi su nauyi. Da idonka ka ga an kai mace gaban hauni, kuma bayan awa ɗaya da rabi ka tashi kana tausayin wanda ya kai ta. Ta yaya aka yi maka haka? Na daɗe ina koyar da tarihin Turai, kuma a 'yan shekarun nan matasa masu rubuta labarin fim kan kawo mini aikinsu in duba. Wannan fim yana cikin waɗanda nake zaunar da su mu kalla tare, kuma dalilina shi ne wannan tambayar.

An yi shi a Ingila a 1933. Daraktansa Alexander Korda mutumin ƙasar Hangari ne, ya yi aiki a Jamus da Amurka da Faransa kafin ya kafa kamfanin London Films. Charles Laughton ne ya fito a matsayin sarki, a lokacin bai wuce shekara 34 ba, kuma da wannan rawa ya ci lambar Oscar ta gwarzon jarumi. Shi ne fim ɗin Birtaniya na farko da ya shiga takarar fim mafi kyau a wannan gasa, a zamanin da Amurka ta danne kasuwar silima kaf. Sunansa ma ya gaya maka inda ya dosa, domin ma'anarsa rayuwar cikin gidan sarki. Ɗakin kwana, teburin abinci, madafa inda bayi ke gulma, nan kyamara za ta zauna. Matsalar ita ce wannan sarki ba shi da auren da ya tsaya a cikin gida. Kowane ɗaya daga cikin shidan sai da ya girgiza ƙasa.

Uwargidan da ba ka gani ba

Ka ƙirga matan da suka fito, za ka samu biyar. Ta farko ba a nuna ko inuwarta ba. Kafin a fara wasa an rubuta 'yan layuka a allo, aka ce matarsa ta farko Catherine ta Aragon ce, amma labarinta ba shi da armashi domin mutuniyar kirki ce, shi ya sa ya rabu da ita. Daga nan aka wuce. To wannan mata da aka sallama da layi biyu ta yi kusan shekara 24 a ɗakinsa, daga Yunin 1509 zuwa Mayun 1533. Sauran biyar ɗin in ka haɗa zamansu duka, da ƙyar ya haura shekara 10.

'Yar sarauta ce gaba da baya. Iyayenta su ne Ferdinand da Isabella na Sifen, waɗanda suka ƙwace birnin Granada daga hannun Musulmin Andalus a 1492. An kawo ta Ingila a 1501 aka aura wa Arthur, yayan Henry, wanda shi ne mai jiran gado. Ba su cika wata biyar ba ya mutu. Ta zauna shekara 7 a ƙasar da ba tata ba, ba miji, ba a mayar da ita gida ba, surukai da mahaifinta suna ta ja-in-ja a kan dukiyar aurenta. Da Henry ya hau gado a 1509 yana ɗan shekara 17, sai ya aure ta da izini na musamman daga Paparoma, domin a dokar cocinsu ba a auren matar ɗan'uwa. A 1513 ya tafi yaƙi Faransa ya bar mata riƙon ƙasa, Sikotlan ta kawo hari, rundunar Ingila ta murƙushe ta a Flodden har sarkinsu James na Huɗu ya faɗi a fagen fama. Ta ɗauki ciki aƙalla sau 6. Namijin da ta haifa ranar 1 ga Janairun 1511 ya yi kwana 52 ya koma. 'Ya mace ɗaya ce ta rayu, Mary, wadda aka haifa a 1516.

A 1529 aka kafa kotu a Landan don a duba ko aurenta ya ɗauru tun farko. Da aka kira ta ba ta fuskanci alƙalai ba. Ta ratsa zauren ta je ta durƙusa a gaban mijinta, ta ce ita baƙuwa ce a ƙasar nan, ba ta da mai tsaya mata, shekara 20 tana masa biyayya, kuma Allah ne shaidarta cewa budurwa ta zo gidansa, shi ma zuciyarsa ta sani. Ta tashi ta fita, ana ta ƙwala mata kira ba ta waiwayo ba. Ta mutu a Janairun 1536 a wani gida da ake kira Kimbolton, an hana ta ganin 'yarta, kuma har ta cika tana kiran kanta matarsa.

Marubucin da ya cire wannan ya san abin da yake yi. Da an bar matar nan ta durƙusa a gaban kyamara na minti biyu, da ba wanda zai sake dariya har a tashi.

Abin da ya hana kishiya

Wannan tambaya taka kowane Bahaushe zai yi ta, kuma za ka yi mamaki in na ce maka a zamanin ma an kawo shawarar. A 1531 Martin Luther, malamin nan na Jamus da ya ɓalle daga Katolika, ya rubuta cewa da a ce sarki ya rabu da Catherine, gara a bar shi ya ƙara ta biyu kamar yadda annabawa da sarakunan dā suka yi. Amma shawarar ba ta da inda za ta zauna. A Turai ta Kirista mace ɗaya ake aure, kuma babu saki irin namu. Aure in ya ɗauru sai mutuwa. Ƙofa ɗaya ce tak: coci ta yanke cewa auren bai taɓa ɗauruwa ba tun asali.

Kuma abin da Henry ke nema ya wuce ɗa namiji kawai, domin yana da shi. Wata mata a fada ta haifa masa Henry FitzRoy a 1519, ya karɓe shi, ya ba shi babbar sarauta. Amma ɗan gaba da fatiha ne, ba ya gado. Abin da yake so shi ne ɗan da babu mahalukin da zai buɗe baki ya ce ba na halak ba ne. Ɗan kishiya a ƙasar da ba ta san kishiya ba, gobe wani basarake zai ɗaga takobi ya ce shege ne. Ka tuna gidansu sabon shiga ne a sarauta. Mahaifinsa da yaƙi ya karɓi gadon a Bosworth a 1485, bayan shekaru ana zubar da jini tsakanin gidajen sarauta biyu. Kuma har lokacin ba a taɓa naɗa mace ta mulki Ingila da kanta ba. Wadda ta gwada a ƙarni na 12, Matilda, yaƙin basasa aka yi ta yi. Tsoron da ke ransa na gaske ne, kuma ba adalci ba ne a ce sha'awa ce kaɗai.

Sai ya samo aya a Littafin Firistoci da ta ce wanda ya auri matar ɗan'uwansa ba za su sami 'ya'ya ba. Ya ce ga dalilin mutuwar 'ya'yansa, Allah ne ke fushi da auren. A nan nake so ka lura da halin mutumin, domin zai yi maka amfani: ayar nan tana cikin littafin tun ranar da ya yi auren, amma bai damu da ita ba sai da Catherine ta daina haihuwa, idonsa kuma ya faɗa kan wata budurwa a fada mai suna Anne Boleyn. Paparoma Clement na Bakwai ya ƙi biya masa buƙata, kuma ba don tsoron Allah kaɗai ba. A 1527 sojojin Charles na Biyar, sarkin Sifen da Jamus, suka yi wa birnin Rum kaca-kaca, Paparoma ya zama kamar fursunansa, Catherine kuwa ƙanwar mahaifiyar Charles ce. Shekara 6 ana jan magana. A ƙarshe Henry ya auri Anne a ɓoye a farkon 1533, sabon Akbishop na Canterbury, Thomas Cranmer, ya yanke cewa auren farko ba aure ba ne, a 1534 kuma majalisa ta yi doka cewa sarki ne shugaban cocin Ingila. Waɗanda suka ƙi rantsuwa a kan haka, irin su tsohon wazirinsa Thomas More da Bishop John Fisher, an fille musu kai a 1535. Cocin Angilika da kake gani a Najeriya, har da tsohuwar majami'ar Wusasa a Zariya, tushenta yana komawa ga wannan rabuwa. Duk wannan babu shi a fim ɗin.

Matan da aka nuna

Fim ɗin ya fara ne a ranar 19 ga Mayun 1536, ranar da aka kashe Anne Boleyn a Hasumiyar Landan. Wasu abubuwan gaskiya ne. Haunin da takobi ya yi aikin, daga Calais aka ɗauko shi, kuma maganar da ta yi cewa wuyanta siriri ne, mai tsaron hasumiyar ya rubuta ta a wasiƙarsa. Abin da ba a gaya maka ba shi ne yadda aka kai ga wannan rana. Ta haifi mace, Elizabeth, a Satumban 1533. A Janairun 1536 ta yi ɓarin namiji. Wata huɗu bayan haka aka tuhume ta da neman maza biyar, ciki har da ɗan'uwanta George na ciki ɗaya, aka kashe su duka. Mafi yawan masana tarihi sun tafi a kan cewa ƙage ne, domin wasu ranakun da aka ce ta aikata abin a wani gari, takardun fada sun nuna tana wani garin daban. Kuma kwana biyu kafin a kashe ta aka yanke cewa aurenta da sarki bai taɓa ɗauruwa ba. Ka ji fa: an kashe ta da laifin cin amanar auren da aka ce babu shi. A fim an nuna ya auri Jane Seymour a ranar. A tarihi an yi baiko washegari, aka ɗaura aure kwana 11 bayan kashe Anne. Bambancin ba shi da yawa.

Jane ta haifa masa Edward ranar 12 ga Oktoban 1537, ta rasu bayan kwana 12. Da Henry ya mutu, kusa da ita aka binne shi a Windsor.

Ta huɗu, Anne ta Cleves, Bajamushiya, ita ce ta fi ba mutane dariya, kuma wadda ta fito a matsayinta, Elsa Lanchester, matar Laughton ce ta gaske. Kwanan karta a daren farko, da yadda take murguɗe fuska don kada ya so ta, da saurayin da take ɓoyewa, duk ƙirƙira ce. Abin da ya faru shi ne wazirinsa Thomas Cromwell ya ƙulla auren don neman ƙawance da sarakunan Jamus, aka aika mai zane Hans Holbein ya zano hotonta. Ranar 1 ga Janairun 1540 sarki ya ɓad da kama ya shiga mata a Rochester yana tsammanin za ta gane shi. Yarinya 'yar shekara 24 ta ga wani ƙaton baƙo, ba ta kula shi ba. Daga ranar ya ce ba ta yi masa ba. Cikin wata 6 aka warware auren, ta amince ba gardama, aka ba ta gidaje da laƙabin 'yar'uwar sarki, kuma duk sauran matansa sun riga ta mutuwa, sai 1557 ta rasu. Fim ɗin ya yi gaskiya a abu ɗaya, mace ce mai wayo. Amma ka tambayi kanka me ya koya mata saurin amincewa. Ta san abin da ya sami ta farko da ta yi gardama, ta san abin da ya sami ta biyu. Cromwell kuwa an fille masa kai ranar 28 ga Yulin 1540, ranar da sarki ya ɗaura aure na biyar.

A kan ta biyar ɗin nan ne fim ya fi yi maka wayo. Catherine Howard a fim cikakkiyar mace ce mai dogon buri, ita ta yi ta kutsawa har sarki ya gan ta, ta samu kambi sannan ta koma wa tsohon masoyinta Thomas Culpeper. Jarumar da ta taka rawar, Binnie Barnes, tana da kimanin shekara 30. Ta gaskiyar kuwa, mafi yawan masana na ganin ba ta cika 20 ba, mijin yana da 49, ga ƙiba, ga gyambo a ƙafa da ba ya warkewa. Marainiya ce da ta tashi a gidan matar da kakanta ya aura bayan rasuwar kakarta, ba mai sa ido a kanta, manyan maza suka fara lalata da ita tun tana ƙarama. Baffanta shi ne basaraken Norfolk, wanda kuma kawun Anne Boleyn ne. Gida ɗaya ya ba da 'ya'ya biyu, aka kashe duka biyun. Gaskiya ne ta riƙa ganawa da Culpeper a ɓoye, akwai wasiƙar da ta rubuta masa da hannunta. Gaskiya ne kuma sarki ya yi kuka a gaban majalisarsa da maganar ta tabbata. Amma jakadan Charles na Biyar ya ruwaito cewa a daren ƙarshe ta roƙi a kawo mata kututturen da za a ɗora wuyanta a kai, ta yi ta gwada yadda za ta sa kanta don kada ta ji kunya a gaban jama'a. An kashe ta ranar 13 ga Fabrairun 1542. Kukan sarki aka nuna maka, kusa-kusa, fuska cike da allo. Daren yarinyar ba a nuna ba.

Ta shida, Catherine Parr, an mayar da ita mafaɗaciya mai hana tsoho cin abin da yake so. Wannan zalunci ne ƙarara. Mace ce mai ilimi, 'yar shekara 31 da mazanta biyu suka rasu, ta riƙe ƙasa a 1544 da ya sake tafiya yaƙi Faransa, ta jawo 'ya'yansa mata biyu jikinta, ta wallafa littafin addu'o'i da sunanta a 1545. An ruwaito cewa a 1546 har an rubuta takardar kama ta saboda musun addini da take yi da shi, sai da ta ƙasƙantar da kai ta kuɓuta. Henry ya mutu ranar 28 ga Janairun 1547. Edward, wanda aka yi duk wannan ɓarna dominsa, ya rasu yana ɗan shekara 15. Elizabeth, 'yar da aka shegantar, ita ta mulki Ingila shekara 44.

Yadda aka saye zuciyarka

Ba ka yi kuskuren kallo ba, abin da aka gina fim ɗin ya sa ka ji shi ka ji. Hanya ta farko ita ce zama. Mai kallo yana son wanda ya fi daɗewa tare da shi, ko da mugu ne. Matan suna shigowa suna fita, shi kuwa yana nan daga farko har ƙarshe, muna ganinsa yana dariya, yana jin kunya, yana tsufa. Ta biyu ita ce dariya a bakin kabari. Ana wasa takobi ana musu tsakanin haunin Faransa da na Ingila a kan wa ya fi iya aiki, a cikin 'yan kallo kuma wata mata na yaba rigar sarauniya tana yi wa mijinta ƙorafin bai ɗinka mata sabuwa ba. Kafin takobi ya sauka an riga an koya maka cewa abin nan ba na kuka ba ne. Ta uku, an mayar da shi wanda ake tilasta wa aure. Fadawa, wanzaminsa, masu dafa abinci, kowa na cewa sarki ya ƙara aure, shi kuma yana shiga ɗakin amarya yana nishi kamar wanda ke yi wa ƙasa hidima.

Ga kuma Laughton kansa, wanda dole a sara masa. Ya tsaya ya buɗe ƙafafu ya riƙe ƙugu kamar yadda Holbein ya zana sarkin, ya yayyaga kaza da hannu yana jefa ƙashi ta bayan kafaɗa yana kukan wai ladabi ya ƙare a duniya, ya lallaɓa cikin dare zuwa ɗakin budurwa dogarai na ƙamewa suna tona shi. Ƙaton yaro ya nuna maka, mai kwaɗayi, mai son a so shi. Ban ce ƙarya ya yi ba. Waɗanda suka ga Henry yana saurayi sun yabi kyansa da iliminsa da iya kiɗansa. Rabin gaskiya ce aka ba ka, aka yi mata ado har ka manta da sauran rabin.

Wata rana na nuna fim ɗin ga wani aji, maza da mata. An yi ta dariya. Da aka kunna fitila na tambayi abin da suka gani, maza suka yi ta yabon jarumi. Wata baiwar Allah da ta ɗan manyanta, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ina 'ya'yan?" Ta ce an kashe uwar yarinya tana ƙasa da shekara uku, wa ya gaya mata, wa ya yi mata wanka a daren? Ajin ya yi tsit. Ni kaina na sha kallon fim ɗin, amma tun ranar ban sake kallonsa kamar dā ba.

Akwai masu cewa faɗuwar da ya yi daga kan doki a wasan mashi a Janairun 1536 ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ya zama azzalumi. Wannan hasashe ne na likitocin zamaninmu a kan gawar da ba su duba ba, kuma ni aikina takardu ne. Abin da takardu suka nuna shi ne an kori uwargida, an kashe More da Fisher, duk kafin ya faɗi. Su ma takardun ka riƙe su da hankali, domin jakadu da fadawa ne suka rubuta yawancinsu, kowa da ɓangaren da yake karewa.

Naka labarin

Hanya biyu ce matasa suka fi kawo mini. Wasu su bi ta Korda, su mayar da mai auri-saki abin dariya, matan su zama matakala. Wasu kuma don gudun haka su mayar da shi shaiɗan tun fitowar farko, yana zare ido yana duka. Ta biyun ma ba ta yi wa mata adalci ba, domin mai kallo zai ce wace irin sakarya ce za ta auri wannan? Mai auri-saki na gaske yana da daɗin baki, yana da kyauta, yana gaida surukai har ƙasa, in ba haka ba wa zai ba shi 'ya ta huɗu? Kuma kamar Henry, bai taɓa ganin laifinsa ba. Kullum shi aka cuta, kullum yana da hujja, sau da yawa har da ta addini. Ka bar masa wannan duka. Ka bar mai kallo ya so shi. Sannan ka nuna masu ƙulla masa auren, waliyyin da ya san tarihinsa ya kau da kai saboda abin hannunsa, da abokan da ke zuga shi a majalisa.

Abin da zai raba ka da Korda shi ne inda kyamararka za ta tsaya bayan an miƙa takarda. Wani yaro ya taɓa kawo mini labarin wani alhaji da ya saki mata huɗu. Kowane saki layi ɗaya ne: sai ya ba ta takardarta. Fitowa ta gaba ana raba goron ɗaurin aure. Na ce masa ya je ya rubuto mini yammacin ranar, kada alhaji ya fito ko sau ɗaya. Ya ce bai san abin da ke faruwa ba. Na ce ya tambayi matan gidansu. Bayan mako biyu ya dawo da shafi uku. Matar tana kwance gado, tana naɗe kwanukan jerenta cikin zannuwa don kada su karce. Inda kabad ya tashi fentin bango ya fi sauran haske. Ƙanenta na ƙofar gida yana ciniki da mai a-kori-kura. 'Yarta 'yar shekara huɗu ta sa takalmi ta riƙe madubi, ta ɗauka unguwa za su. Sun kai soro sai matar ta juyo da sauri, ta sauke tukunyar miyar da ta ɗora masa don kada ta ƙone. Ba ta zage shi ba, ba wanda ya yi wa'azi. Goggonsa ce ta ba shi labarin, kuma nata ne.

Ka yi wa naka wannan gwaji. Ka ƙirga fitowa nawa kowace mace ta yi ba tare da shi ba, kuma a cikinsu nawa ne take maganar wani abin da ba shi ba. Ka duba ina 'ya'ya suke kwana bayan kowace rabuwa. Ka duba wa ka ba maganar ƙarshe, domin a fim ɗin Korda tsohon sarki ne ya juyo ya kalle mu yana satar cin nama ya yanke wa matan shida hukunci, mu kuma muka tafi gida da maganarsa a kunne. Abin da ya shafi hukuncin saki da idda, da zaman da shari'a ta ce mace ta yi a ɗakinta alhali a al'ada ranar take kwashe kaya, wannan ka zauna da malaman fiƙihu su warware maka kafin ka sa a bakin wani, fagensu ne.

Sannan ka koma ka sake kallon minti goma na farkon fim ɗin, wannan karon tare da yayarka. Akwai matan fada a zaune suna warware harafin A daga shimfiɗun gadon sarki suna ɗinka J a gurbinsa, alhali mai harafin tana raye tana jiran hauni. Haka aka yi a gaske, har a jikin gini. An sa ma'aikata su bi fadar Hampton Court su kankare sunan Anne duk inda aka sassaƙa shi haɗe da na sarki. Saboda sauri suka tsallake wasu, kuma suna nan har yau a jikin katakon babban zauren.